Kafin ki sayi maganin tari, ƙirga numfashin yaronki

A wannan makon za mu tsaya ne a kan saƙon da wata uwa ta turo mana daga Kasuwan Magani, a Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna.

Ta ce ɗanta mai wata tara ya kwana uku yana tari da zazzaɓi. Ranar Alhamis da kasuwa ta ci, ta goya shi ta shiga kemis, aka haɗa mata maganin tari na ruwa da farasitamol. Tarin ya ɗan lafa, hankalinta ya kwanta. Daren Juma'a kuma sai ta ga yaron yana haki kamar wanda ya sha gudu, alhali ko rarrafe bai gama ƙwarewa ba. Ba su samu fita cikin daren ba. Da gari ya waye suka kai shi asibiti, ma'aikaciyar lafiya ta ɗaga masa riga, ta zuba wa cikinsa ido tana duba agogo, sannan ta ce numfashinsa 62 a minti ɗaya, ciwon nimoniya ne. An ba shi magani, Allah Ya ba shi lafiya. Tambayar baiwar Allah ita ce: "Wannan ƙirgen da nas ta yi, ni ma zan iya yin sa a gida? Don da na iya, da ban kai Asabar ba."

Amsa ita ce ƙwarai za ki iya, kuma ya kamata kowace uwa da kowane maigida su iya. Ba ya buƙatar kuɗi ko na'ura. Ido ne, da agogon waya, da haƙurin minti ɗaya.

Me ya sa numfashi?

Idan aka kai mara lafiya asibiti, abubuwa huɗu ake fara dubawa: zafin jiki, bugun jini, awon hawan jini da yawan numfashi. A cikinsu, numfashi ne kaɗai za ki iya aunawa da idonki ba tare da kin taɓa mara lafiyar ba. Shi ne kuma yakan riga sauran canzawa idan jiki ya fara shiga matsala.

Dalili kuwa shi ne, a ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wurin da ke kula da numfashi dare da rana, ko mutum yana barci. Yana lura da yawan gurɓatacciyar iskar da ta taru a jini, da tsamin jinin, yana kuma samun labari idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Da ya ji abu ya soma lalacewa, sai ya umarci ƙirji ya ƙara sauri. Babban mutum mai lafiya da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato fiye da sau dubu ashirin a yini da kwana idan muka ɗauki tsaka-tsaki, kuma bai ma san yana yi ba.

Shi huhu cike yake da 'yan ƙananan jakunkunan iska, ta nan oksijin ke shiga jini. A ciwon nimoniya, wanda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, ƙwayoyin cuta ne ke sa waɗannan jakunkuna su cika da ruwa da mugunya. Wurin shigar iska ya ragu ke nan, sai jiki ya rama da yawan numfashi. Shi ya sa saurin numfashi yakan bayyana tun yaro yana iya shan nono, yana ma ɗan wasa, kafin a ga ya galabaita. Wannan tazarar ita ce damar da uwa take da ita.

Lambobi uku da za ki haddace

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsara wa ma'aikatan lafiya ƙa'idar duba yara marasa lafiya tun a shekarun 1990, kuma da ita ake aiki a ƙananan asibitocinmu. Tushenta binciken da aka yi ne a ƙasashe irin su Papua New Guinea da Gambiya a shekarun 1980, inda aka gano cewa ma'aikacin ƙauye da ba ya da hoton ƙirji ko abin sauraron ƙirji zai iya gane mafi yawan masu nimoniya ta hanyar ƙirga numfashi da kallon haƙarƙari. Ga ƙa'idar ga yaron da ke tari ko numfashi ke ba shi wahala:

Jaririn da bai kai wata 2 ba: numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri.

Daga wata 2 har zuwa kafin ya cika shekara 1: 50 ko fiye ya yi sauri.

Daga shekara 1 har zuwa kafin ya cika shekara 5: 40 ko fiye ya yi sauri.

Sittin, hamsin, arba'in. Ki rubuta su da alli ko gawayi a bayan ƙofar ɗaki, ko a bangon katin rigakafin yaron. Yaron da ya haura shekara 5 kuwa, idan ya wuce 30 yana kwance, a kai shi a duba. Ɗan mai tambayarmu wata tara gare shi, iyakarsa 50 ce, aka samu 62. Mai yiwuwa da an ƙirga tun ranar Alhamis, da an ga ya riga ya haura iyakar.

Yadda ake ƙirgawa

Da farko yaron ya natsu. Idan yana kuka, ko ya gama guje-guje, ko yana cikin shan nono, lambar da za ki samu ba ta gaskiya ba ce. Mafi kyau shi ne lokacin da yake barci ko yana kwance a cinyarki shiru.

Ki ɗaga masa riga ki ga ciki da ƙirji a wuri mai haske. Idan dare ne a haska fitila. Ƙananan yara da ciki suka fi numfashi, saboda haka ki sa ido kusa da cibiya. Tashin ciki da komawarsa, su biyun, numfashi ɗaya ke nan. A nan ne da yawa ke kuskure, su ƙirga tashi ɗaya, sauka biyu, sai lambar ta ninka, hankali ya tashi a banza.

Ki cika minti ɗaya cur. Kada ki ƙirga na daƙiƙa 15 ki ninka sau huɗu, domin numfashin jarirai ba a jere yake tafiya ba. Sukan yi sauri, su ɗan dakata na 'yan daƙiƙoƙi, su ci gaba, kuma wannan ba ciwo ba ne. Dakatawar da ta kai daƙiƙa 20, ko wadda launin jariri ya canza a cikinta, ita ce ta gaggawa. Ido ɗaya ba zai iya kallon agogo da cikin yaro a lokaci guda ba, don haka ki sa maigida ko babbar 'yarki ta riƙe waya, ta ce "fara", ta ce "tsaya". Ko ƙaramar waya mai madannai tana da agogon ƙirga daƙiƙa. Wadda lissafi ke ruɗa ta, ta samu ƙwayar masara ko tsakuwa, duk numfashi ɗaya ta jefa ɗaya a kwano, in minti ya cika a ƙirga a tsanake. A wasu ƙasashen Afirka, irin su Uganda, an koya wa ma'aikatan sa-kai yin haka da duwatsun ado da aka jera a zare.

Idan lambar ta kai iyaka ko ta wuce, ki sake ƙirgawa. Idan ta sake fitowa haka, magana ta ƙare, sai asibiti a ranar.

Ki kuma sani cewa zazzaɓi shi kaɗai yana ƙara saurin numfashi. Idan jikin ya yi zafi sosai, ki rage masa kaya, ki ba shi farasitamol daidai shekarunsa, ki sake ƙirgawa bayan zafin ya sauka. Amma wannan a kan hanyar shirin tafiya asibiti ne. Zazzaɓin cizon sauro da nimoniya sukan yi kama, wani lokacin ma su haɗu a jikin yaro ɗaya, kuma gwajin jini ne ke raba gardama.

Alamomin da ba a jira a ƙirga

Akwai halin da ba a tsayawa neman agogo. Na farko shi ne lotsawar ƙirji. Mai lafiya idan ya ja iska, ƙirji da ciki gaba ɗaya suke tasowa. Idan kika ga ƙasan haƙarƙarin yaro yana faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, yana kwance shiru ba kuka yake ba, to huhun ya yi tauri, da ƙarfi yake jawo iskar.

Sauran su ne: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, jijjiga ko taune-taune, barcin da ba a iya tashinsa ko ya yi laushi kamar tsumma, nishi a ƙarshen kowane numfashi, ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa, kai yana gyaɗawa tare da numfashi, wata ƙara mai kaushi idan ya ja iska, leɓe ko harshe ya yi duhu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, a ɗauki yaro nan take, kuma a nufi inda ake da iskar oksijin. Jaririn da bai kai wata 2 ba shi ma ba a jinkiri da shi ko kaɗan, ko da bai yi tari ba, ko da jikinsa sanyi ya yi maimakon zafi.

Me ya sa muke matsawa?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a duniya a shekarar 2019. UNICEF kuma ta ƙiyasta cewa a 2018 Najeriya ta rasa yara kimanin 162,000 ta wannan ciwo, adadin da ya fi na kowace ƙasa, har da Indiya. Saboda girman matsalar ne aka ware ranar 12 ga Nuwamba ta kowace shekara don tunawa da ita. Abin takaicin shi ne, mafi yawan waɗannan yara maganin da zai cece su ba mai tsada ba ne. Jinkiri ne ke kashe su.

Jinkirin kuma mun san yadda yake faruwa. Kwana ɗaya a ce mura ce. Kwana na biyu a shafa man zafi a ƙirji, a dafa citta, wadda Allah Ya hore wa yankin Kachia da Jaba. Kwana na uku a jira ranar kasuwa a shiga kemis. Wani gidan ma a kira wanzami ya yi tsaga a haƙarƙari ko ya cire beli. Ruwan ɗumi da zuma ga yaron da ya haura shekara 1 suna sanyaya maƙogwaro, ba laifi, amma ba sa kai wa ga mugunyar da ke cikin huhu. Tsaga da cire beli kuwa ƙarin ciwo ne da zubar jini ga yaron da tuni yake fama. Maganin tari na ruwa shi ma ba ya kashe ƙwayar cuta. Wani ma sa yaro barci yake yi, uwa ta ɗauka sauƙi ne ya samu.

Ga mutanen Kasuwan Magani, Kufana, Idon da ƙauyukan da ke kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, akwai ƙarin dalili. Kowa ya san fitar dare da mara lafiya ba abu ne mai sauƙi ba: abin hawa yana wuya, kuɗinsa ya ninka, ga fargabar hanya. Don haka shawarata ita ce, duk yaron da ke tari ko zazzaɓi a ƙirga numfashinsa sau biyu a yini, da safe da kuma la'asar sakaliya, tun rana ba ta faɗi ba. Ƙirgen la'asar shi ne zai gaya miki ko za a kwana a gida ko a kama hanya da sauran haske. Maigida kuma ya ajiye lambar mai babur ko direban da ya amince da shi, da ɗan kuɗin mota a gefe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kun isa asibiti

Ki faɗa wa ma'aikacin lafiya lambar da kika samu da lokacin da kika ƙirga. "Da ƙarfe huɗu na samu 56, da na sake na samu 58" ya fi "yana ta haki" amfani nesa ba kusa ba. Ki nuna masa duk magungunan da aka riga aka ba yaron. Idan kika ga ba a ƙirga numfashin ba, ki roƙa cikin ladabi a ƙirga. Idan akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, a auna. Abin da ya gaza 90 yana buƙatar a kwantar da yaro a sa masa iska.

Nimoniyar da ba ta yi tsanani ba ana maganinta a gida da amoksisilin, wanda akwai na yara da ke narkewa a cokalin ruwa ko nono. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin gwargwadon shekaru ko nauyin yaro. A shanye shi har kwanakin da aka rubuta ko da yaro ya warware, kada a rage na gobe ko a raba da ɗan maƙwabta. A ci gaba da ba shi nono da abinci kaɗan-kaɗan, a kuma ci gaba da ƙirgawa kullum. Idan magani yana aiki, cikin kwana biyu zuwa uku lambar za ta fara sauka. Idan ba ta sauka ba, ko wata alamar haɗari ta fito, a koma. Idan aka tura ku babban asibiti, ko na Kachia ne, ko na Kafanchan, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, kada a biya gida a ce sai an yi shawara. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, ga yaro ko babba, a je a yi gwajin tarin fuka.

Manya ma a ƙirga musu

Kada maigida ya ɗauka wannan karatu na mata da yara ne kawai. Tsoho ko tsohuwar da ke zazzaɓi, idan numfashinsu ya kai 22 suna kwance, musamman in sun fara ruɗewa a magana, alama ce cutar tana iya zama ta bazu a jini. Idan ya kai 25 zuwa 30, gaggawa ce. Dabara ɗaya: babba in ya san ana kallon numfashinsa sai ya canza shi, saboda haka ka riƙe wuyan hannunsa kamar bugun jini kake ji, idonka kuwa yana kan ƙirjinsa.

Mai ciwon suga da ya fara jan numfashi mai zurfi da ƙarfi, yana amai da yawan fitsari, jininsa ne ya yi tsami, jiki yana ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu. Wani likitan Jamus mai suna Adolf Kussmaul ne ya bayyana irin wannan numfashi a 1874, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Mai sikila da ya haɗa ciwon ƙirji, zazzaɓi da saurin numfashi, asibiti ne wurinsa a daren. Haka mai jego da ta fara haki bayan haihuwa: yana iya zama jini ne ya zuba da yawa, ko zuciya ce ta gaza, ko cuta ta shiga mahaifa. Kada a ce gajiyar haihuwa ce. Mai asma da ya kasa ƙarasa magana ɗaya sai ya tsaya ya ja iska, shi ma ya wuce zaman gida.

Raguwar numfashi ma haɗari ce. Matashin da aka samu yana barci mai nauyi, numfashinsa bai wuce 8 ba a minti ɗaya, ba a iya tashinsa, a yi tunanin kodin ko taramol ko wata ƙwayar. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun a watan Mayun 2018, amma kayan maye ba su ƙare a gari ba. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, a yi asibiti da shi, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ake zargi. Kunya ba ta kai rai ba.

Rigakafi

Hunturu na tafe da ƙura da sanyi, kuma yankin Kafanchan da Kagoro, da ke gindin tsaunuka, sun san sanyin asuba. A lokacin ne ake rufe tagogi a shigar da kaskon garwashi ɗaka. Hayaƙin itace da na garwashi yana raunana huhun yaro, a rufaffen ɗaki kuma garwashi da janareta suna fitar da iska mai guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. A yi girki a fili, kada a goya jariri a tsaya da shi cikin hayaƙi, mai shan taba kuma ya fita waje.

A ba jariri nono zalla har wata 6. A kai shi rigakafi a sati 6, sati 10 da sati 14, domin a cikin alluran akwai ta fenta da kuma ta nimoniya, wadda Najeriya ta fara bayarwa a ƙarshen 2014. A wata 9 a karɓi ta ƙyanda, a koma ta biyu a wata 15, saboda ƙyanda na daga cikin manyan masu buɗe wa nimoniya ƙofa. Duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yaron da ke fama da tamowa ya fi kowa shiga haɗari, don haka a kula da cimarsa. Gyaɗa kuma a nisanta ta daga yaron da bai kai shekara 3 ba, a kuma daina zuba kananzir a gorar lemo, domin su biyun suna yawan kai yara asibiti da sarƙewar numfashi.

Aikin gida na wannan mako: yau da dare, idan yaranki sun yi barci lafiya lau, ki ɗaga rigar ƙaramin ki ƙirga, maigida ya riƙe waya. Ku yi haka kwana uku a jere, ku rubuta abin da kuka samu. Ta haka hannunki zai faɗa, kuma za ki san lambar ɗanki ta lafiya, ranar da ta canza ba sai an gaya miki ba. Ki koya wa kishiya, da maƙwabciya, da matan zumunta ko na Islamiyya.